Ranar da Nata'ala Ya Bugi Ƙarfen Majami'armu

Ku da kuke ta turo mini saƙo kuna tambaya ko na daina rubutu ne, ku yi haƙuri. Abin da ya faru a gidanmu makon jiya ne ya hana ni zama. Yanzu haka ina danna wayar nan ne a gindin bedi, wato dogon yaron ƙofar gida, inda sabis yake ɗan kamawa.

Ga wadda yau ta fara karanta ni, sunana Tabita. Mu Hausawa ne Kirista, ƙauyenmu ƙarami ne a bayan Yargoje, cikin ƙasar Ƙanƙara. Na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, na dawo gida ina koyarwa a firamare. Akwai mai nemana, Nata'ala, mutumin Sabuwa, ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti a Faskari. A wayata "Asibiti" na sa wa lambarsa, don ko kira ya shigo a gaban Baba ba sai na nemi inda zan ɓoye fuskata ba. Ban taɓa furta sunansa a gidanmu ba.

Farkon damina manyansa suka tsayar da ranar zuwa gaisuwa. Ana saura kwana kaɗan 'yan bindiga suka tare motar da ta ɗauko Gwaggo Baraka daga taron Zumuntar Mata. Gwaggo yayar Baba ce, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Suka shiga daji da ita, da zanen zumuntarta a jikinta, tare da Suwaibatu matar maƙwabcinmu Malam Sha'ibu, wadda ta shiga motar a hanya daga kasuwa.

Washegari, a wurin addu'ar safe, Baba ya ɗaga kai ya ce, "Ba za a karɓi baƙon aure a gidan nan ba, ba za a buga ganga ba, sai Yaya ta dawo."

Inna ta dube ni da gefen ido, ni kuwa na zuba wa tabarma ido.

Tun daga ranar addu'ar gidanmu ta canza. Da can Baba yakan roƙa wa 'yan'uwa masu shan tsanani saboda sunan Yesu a ƙasashen da ni ma a taswira kawai na san su, mu ce amin muna hamma. Yanzu tsananin ya shigo har tsakar gida, ga takalmin Gwaggo na roba a ƙofar ɗakinta, ga turminta a kife. Sai amin ɗinmu ta yi nauyi. Baba yakan fara da Gwaggo, ya bi da Suwaibatu, sannan duk wanda yake daji, namu da na maƙwabta, har ya kai ga masu bindigar, Ubangiji ya juyo da zukatansu. Wannan ta ƙarshen Inna ba ta cika ɗaga murya wurin amsa ta ba.

Ni ma na yi addu'a, ban taɓa fashi ba. Sai dai akwai abin da yake cina a rai, kuma ku kaɗai na iya faɗa wa. Duk sanda na ce "Ka dawo mana da Gwaggo," sai wata murya a cikina ta ce, don Gwaggon kike yi, ko don aurenki? Wani lokacin har kunyar durƙusawa nake ji.

Kafin in kai ku ga ranar Talata, sai kun san ƙarfenmu. Majami'armu ba ta da ƙararrawa. Tsohon ƙarfen tayar babbar mota ne aka rataye a reshen ɗorawa, ana buga shi da guntun rodi, kuma Baba ne mai buga shi tun kafin a haife ni. Idan sujada ce ko addu'a, yakan buga sau ɗaya ya jira sautin ya mutu, sannan ya ƙara. Da daji ya lalace sai dattawan ƙauye, namu da na masallaci, suka zauna suka yanke cewa duk ranar da aka ji ƙarfen nan ba ƙaƙƙautawa, to an shigo, kowa ya bar abin da yake yi ya faɗa gona. Yaro ɗan shekara huɗu a ƙauyenmu ya san wannan. Baƙo ne kawai bai sani ba.

Ranar Talata da hantsi ba ni da aji, ina tsakar gida da tsohon zanena mai ruwan ƙasa da rigar bautar ƙasa da ta koɗe, ina taya Inna ɓarar gyaɗa. Maza duk suna gona wurin yankan gero. Inna ta ɗora wake a murhu ke nan muka ji ƙarar babur ya shigo da gudu ta hanyar yamma. Inna ta tsaya da ludayi a hannu.

Sai ƙarfe ya ɗauka. Kan-kan-kan-kan, babu numfashi.

Ban san sanda na tsallake danga ba. Inna ta yi fatali da tukunyar wake, ta ja hannuna muka kutsa cikin dawar bayan gida. Ta ko'ina sai motsin kara kake ji da kukan yaran da ake toshe wa baki. Matar Fasto ta wuce mu da goyo a baya, akuya a kafaɗa. Muka kwanta rub da ciki a cikin kunyar dawa, ƙasa a bakina, Inna tana ta raɗa, "Yesu, Yesu, ka rufe mu."

Ƙarfen bai tsaya ba. Amma ban ji harbi ba, ban ji babur na biyu ba. Ni kuwa kun sani, magana ce ba ni da ita, amma ido ina da shi. Na ɗago kai a hankali ta tsakanin kara. Can gindin ɗorawa ga mutum ɗaya, fuska a naɗe da ƙyalle, yana ta dukan ƙarfe da hannu biyu. Ga babur a jingine. A bayan babur ɗin an ɗaure wani shuɗin akwati, irin wanda ake zuba allurar rigakafi da ƙanƙara, murfinsa ɗaure da jar igiyar roba. Ni na ba shi igiyar nan.

"Inna," na ce, "ba su ba ne."

"Kwanta, don ubanki."

"Inna, na san mutumin."

"Mi kika sani? Kwanta na ce."

Daga gefen gonar na hango Baba da wasu maza suna rarrafowa, lauje a hannu, wani da gora. Sun nufi ɗorawa ta bayansa. Shi kuwa bawan Allah bai san ana yi ba. Na ga in na yi shiru za a fasa masa kai kafin a tambaye shi sunansa.

Ni da ko a aji sai yara sun ce "Malama, ba mu ji," na miƙe tsaye a tsakiyar dawa, ba ɗankwali, na buɗe maƙogwaro.

"Baba, kada ku taɓa shi. Nata'ala ne! Nata'ala ne!"

Duk ƙauyen ya ji. Har yau yara in sun gan ni sai su maimaita da irin muryata.

Ya saki rodin, ya janye ƙyallen fuskarsa, ya juyo ya ga lauje a saman kansa. Bai ma tsorata ba, don murna ta cika shi. Ya zube a gaban Baba yana haki.

"Baba, Gwaggo ce. Tana wurinmu a asibiti, da ranta. Wani manomi ya tsince ta a hanyar Ruwan Godiya ya kawo ta a amalanke. Na kira, na kira, waya ba ta shiga. Na zo na tarar ba kowa a ƙofar gida, shi ne na ce bari in tara mutane."

Laujen ya faɗi daga hannun Baba. Sannan ya juya ya dubi mutanen da suke fitowa daga gona ɗaya bayan ɗaya, wannan ba takalmi, wancan gwiwa a kurje, wata tsohuwa an riƙo ta tana ɗingishi don ta gurɗe a kunya, yara suna ta shessheƙa. Fuskarsa ta sake ɗaurewa.

"Wa ya ce ka taɓa ƙarfen nan?"

"Baba, a majami'armu ta Sabuwa in ana son mutane su zo da sauri..."

"Nan Sabuwa ce?"

Ya karkaɗe wandonsa ya tafi neman motar da za ta kai shi Faskari. Ko kan babur ɗin bai yarda ya hau ba.

Da rana na fito gindin bedi, saƙonnin Nata'ala suka shigo a jere.

"Tabita na ɓata komai ko?"

"Wallahi ban sani ba."

"Tsohuwar nan na ɗaure mata ƙafa, ta ce ta yafe amma in sayo mata goro."

"Ki yi magana mana."

Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. A ƙarshe na tura masa, "Ka ci abinci?" Ya amsa, "Yau kin kira sunana. Na ƙoshi." Na kife wayar a cinya kamar wani yana leƙe.

Ranar Alhamis da la'asar aka kawo Gwaggo. Inna ta share ɗakinta ta turara shi, ta shimfiɗa sabon zanen gado mai furanni da ta ajiye don kayan ɗakina. Ni na dama kunun gyaɗa da tsamiya yadda take so. Aka fito da ita daga mota. Ta rame har zoben azurfarta ya koma babban yatsa, ƙafafunta a kumbure an naɗe su da bandeji. Zanen zumuntar yana jikinta, launinsa ya tafi, gefensa ya zama zare. A kafaɗarta kuwa wani ruwan tokan mayafi ne da ba nata ba.

Mata suka fara waƙar godiya, kuka ya hana su kai ta ƙarshe. Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Ku bari sai na zauna. Kuma wa ya kife mini turmi?"

Dariya ta ɓarke cikin hawaye. A nan na tabbata Gwaggonmu ce ta dawo, ba wata ba.

Da mutane suka ragu, muka rage mu huɗu a ɗakinta, ita da Baba da Inna da ni ina matsa mata hannu. Ba ta ba da labari da yawa ba, mu ma ba mu matsa ba. Ta ce sun gane ta da zanen, suna kiranta tsohuwar coci. Sun ce ta cire shi, ta ce ba ta da wani. Sun hana ta waƙa, har ɗaya ya zabga mata igiya a baya, sai ta koma yi a cikin hanci in tana daka musu hatsi, taɓarya tana rufe sautin.

"Suwaibatu ce ta riƙe ni," ta ce tana shafa mayafin. "In sanyi ya sauko ta lulluɓe ni da wannan. In tana salla ni nake tsare mata tukunya, in na durƙusa ita take yi mini gadi ta yi tari in wani na tahowa. Da ƙafata ta ƙi tafiya suka ce ba su da amfanin tsohuwa, suka yar da ni a hanya. Ita kuwa da sauran ƙarfinta, tana yi musu girki. Tana can."

Baba ya sunkuyar da kai.

"To, ba a gama ba ke nan," ya ce. "Matar maƙwabcina tana daji, ni in buga ganga? Maganar baƙi ta ƙara jira. Dama yaron nan ma sai na sake tunani. Mutumin da zai zo ya watsa gari..."

Na ci gaba da matsa hannun Gwaggo.

"Waɗanne baƙi?" Gwaggo ta tambaya.

Inna ce ta warware mata komai, da alkawarin da Baba ya yi, da ranar da aka ɗage, da ƙarfe, da waken da ya ƙare a cikin toka. Gwaggo tana ji kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take. Ashe dariya ce.

"Audi," ta ce. Duk duniya ita kaɗai take kiran Baba haka. "Watau ka ɗaure yarinya da ƙafata?"

"Yaya, ai ba zan iya..."

"Ni na sa ka? Ka tambayi Ubangiji kafin ka yi, ko dai baƙin cikinka ka tambaya?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Ka san abin da muke yi ni da Suwaibatu in rana ta yi tsawo? Bikin Tabita muke shiryawa. Ita ta ce ita za ta yi waina, ni na ce ba ta iya ba, tata tana kwana a ciki. Mun yi faɗa a kan wainar nan ya fi a ƙirga. Shi ya riƙe mu. Su mutanen can abin da suke so ke nan, a daina aure, a daina suna, a daina waƙa, kowa ya zauna yana jiran su. Kai kuma ka taya su."

"Yaron fa, Yaya? Tsohuwa ta gurɗe."

"Yaron da ya wanke mini ƙafa da hannunsa, ƙafar da ni kaina ba na iya kallo? Yana yi yana ce mini sannu Gwaggo, ni ban ma san shi ba. Murna ce ta yi masa yawa ya bugi ƙarfe. Kai da kana yaro murnar me ta sa ka ƙona mana rumbu?"

"Yaya, a gaban yara?"

"Na kore ka? Tuwo na ba ka."

Inna ta juya fuska bango tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Baba ya share ido da bakin rigarsa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki shaida masa manyansa su zo. Amma kafin nan shi ya zo shi kaɗai, da sassafe. Wanda zai ɗauki ɗiyata sai ya san yadda ake kiran mutane addu'a."

Ya tashi ya fita. Inna ta bi shi da kwanon kunu.

Da muka rage mu biyu, ban san yadda aka yi ba sai na ji bakina yana faɗa mata abin nan da na faɗa muku, cewa ban san ko don ita na yi ta addu'a ba ko don kaina. Na jira ta saki hannuna. Sai ta ƙara damƙe shi.

"Da na san haka ai da na yi barci mai daɗi a dajin," ta ce. "Mai jiran aure ba ta fashin addu'a. Ke kina ganin sai kin wanke zuciyarki tas sannan zai saurare ki? Da haka ne da babu wanda aka taɓa amsa wa. Alheri ke nan, ɗiyata. Kin kawo masa a kwanon da kike da shi, ya karɓa."

Na kifa kai a cinyarta na yi kukan da na daɗe ina tarawa. Tana bubbuga bayana tana cewa in yi a hankali, ƙafar ba tawa ba ce.

Ranar Asabar gari bai gama wayewa ba na ji babur, a hankali wannan karon, kamar mai tsoron tada kaji. Na leƙa ta saman danga. Nata'ala ne, ya sa farar shadda da hula, fuska a buɗe. Baba ya miƙa masa rodi. Ya buga sau ɗaya, hannunsa ya ɗaga zai ƙara, Baba ya riƙe masa wuyan hannu. Suka tsaya haka su biyu suna sauraron sautin yana tafiya a kan gonaki har ya ɓace. Sannan Baba ya sake shi.

Mutane suka taru, wasu suna tsokanarsa. Matar Fasto ta ce akuyarta har yau ba ta yarda da ita ba. Da aka durƙusa, Baba ya yi godiya saboda Gwaggo, muryarsa ta karye, sai ita ta karɓa daga kan kujerar da aka ɗauko ta a kai. Ta kira sunan Suwaibatu. Ta kira sunayen wasu da ta bari a can, waɗanda ba mu taɓa ji ba. Ta roƙa wa wanda ya zabga mata igiya, ta ce yaro ne ƙarami, ko gemu bai yi ba. Na ji amin ɗin Inna a fili.

Ni kuwa a nan na samu amsata. An riga an ba ni abin da nake jira, babu aurena a cikin maganar Suwaibatu ko kaɗan. Amma da aka kira sunanta sai na ji ƙirjina ya yi zafi irin na da, har ya fi.

Muna dawowa gida wayata ta yi ƙara. Asibiti ne. "Na ci jarrabawa?" Na rubuta masa, "Baba ya ce da saura." Sannan na shiga wurin sunaye na goge Asibiti, na rubuta sunansa na gaskiya.

Ban gama ba Gwaggo ta kira ni. Na same ta ta ninke ruwan tokan mayafin nan da na wanke jiya, ta ɗora a cinya.

"Ɗauko gyalenki ki riƙe ni. Gidan Malam Sha'ibu za mu."

"Gwaggo, da wannan ƙafar? Ai ya zo gaishe ki shekaranjiya."

"Ya zo cikin mutane. Saƙon da ta ba ni ba na cikin mutane ba ne." Ta rage murya. "Ita kanta ba ta sani ba sai da muka yi wata a daji. Ni na fara ganewa. In Allah ya kai mu ƙarshen sanyi, akwai suna a gidan."

Muka fita a hankali, nauyinta a kafaɗata, mayafin a hannuna. Daga ƙofarmu zuwa tasu ba nisa, amma sai da muka huta a hanya. Ta gyara tsayuwa a bakin zauren, ta ja numfashi, ta yi sallama.

Daga ciki muka ji muryar Malam Sha'ibu yana amsawa, da ƙarar takalminsa yana tahowa.